Kada Ki Jira Sai Tsoro Ya Tafi, Hannatu

Zuru, Jihar Kebbi

Ɗiyata Hannatu,

Ina gaishe ki da gaisuwar uwa, cikin sunan Ubangiji mai kiyaye matafiya. Idan kin tarar da wannan takarda a ƙarƙashin zannuwanki kina karantawa, to Allah ya amsa addu'ata, kin sauka Jos lafiya. Ina roƙonsa ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya haɗa ki da abokan zama nagari, ya ba ki lafiyar jiki da kwanciyar rai a garin da ba ki san kowa ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, tunda yanzu kika baro shi. Wata magana ce ta tsaya mini a rai. Ranar da muke ɓarar gyaɗa a tsakar gida, kika ce mini ba tare da kin ɗago kai ba, "Mama, da ma a bar tafiyar nan sai baɗi, in ƙara shiri." Na yi shiru, kika ɗauka ban ji ba. Na ji sarai. Bara ma haka kika ce lokacin jarrabawar shiga makaranta, sai da babanki ya ɗauke ki a bayan babur ya kai ki har bakin ƙofa. Abin da ya hana ni amsa miki shi ne na san muryar nan. Tawa ce. Da ita na yi magana tun ina yarinya har furfura ta fara fito mini. Ba na iya faɗin doguwar magana baki da baki, sai in rikice, shi ya sa na zauna na rubuta miki a hankali. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san hannun uwarki.

Kin san a wani ƙauye kusa da Kanya aka haife ni. Kakata ungozoma ce, duk matar da naƙuda ta kama a yankinmu ita ake kira. Ina bin ta ina riƙe mata ƙwarya da tsumma, ina kallon yadda take duba mace tun daga fuska har ƙafa kafin ta taɓa ciki. Ba abin da nake so a duniya kamar in zama irinta, amma ta asibiti, mai farin kaya. Da na gama makaranta sai aka yi shela cewa ana neman 'yan mata da za a tura koyon aikin ungozoma, duk mai so ta zo asibitin Zuru a yi mata tambayoyi cikin makon da aka tsayar. Babana ya raka ni har bakin hanya, ya sa ni a mota, ya ce in sauka gidan ƙanwarsa.

Da na isa asibitin na tarar da 'yan mata cike da baranda, wasu daga Yawuri, wasu daga Birnin Kebbi, da takalma masu kyau, Turanci na fita daga bakinsu kamar da shi aka haife su. Ni kuwa yarenmu na C'lela ne a bakina, Hausar ma a kasuwa da makaranta na tsince ta. Wata daga cikinsu ta tambaye ni ina yarinyar da ke zaune kusa da ni ta shiga. Na ce, "Ya tafi shan ruwa." Suka kwashe da dariya, ɗaya ta maimaita, "Yarinyar ya tafi." Ba mugunta suka yi ba, yarinta ce, nan da nan ma suka manta suka koma hirarsu. Ni ce ban manta ba. Na ce a raina, yau mutane sun yi yawa, gobe zan zo da sassafe in shiga kafin su taru. Na fita na zauna gindin wani mangwaro a wajen shinge.

Washegari na zo da sassafe kamar yadda na ce, amma da na hango ƙofar sai na ga ai ban maimaita karatuna sosai ba, gara in ƙara kwana. Haka na yi ta zuwa gindin mangwaron nan ina komawa, ƙanwar babana tana tsammanin layi ne bai zo kaina ba. Ranar da na yi ƙarfin hali na shiga, wani dattijo mai sharar baranda ya ce mini, "Ai jiya suka gama, 'yata, sun tafi." Na koma ƙauye na ce wa babana ba su ɗauke ni ba. Ya dube ni ya ce, "To, ba laifi, kin dai gwada." Wannan kalmar ta fi mari zafi, don ban gwada ba.

Hannatu, ki lura da wannan da kyau. Babu wanda ya ce ban iya ba. Babu wanda ya yi mini tambaya ko ɗaya na kasa amsawa. Ni na zauna gindin bishiya na yi wa kaina jarrabawa, na kayar da kaina, na sallami kaina. A makarantar da kika je akwai malamai waɗanda aikinsu ne su gwada ki su faɗa miki inda kika gaza. Ki bar musu aikinsu. Idan za a ce miki a'a, to ki bari ki ji ta daga bakin wani, kada ki riga shi faɗa. Za ki haɗu da masu Turanci kamar ruwa, za a iya yi wa harshenki dariya. Ki yi dariyar tare da su idan kin iya, ki gyara, ki wuce ciki.

Bayan haka na auri babanki, yana soja a lokacin, muka shiga zaman bariki. Duk inda aka tura shi mu ɗaure kaya mu bi. A wani barikin da muka daɗe, aka buɗe aji domin matan sojoji, ana koyar da taimakon gaggawa da kula da masu ciki. Ajin ba shi da nisa da ɗakinmu, ina jin muryar malamar idan ina shanya. Matan layinmu suka ce in zo mu je. Na ce sai na yaye yayanki Markus. Da na yaye shi na ce sai damina ta wuce, kada ruwa ya riƙa dukan yaro. Damina ta wuce na ce ai sun yi nisa, sai an buɗe sabon aji. Wata rana babanki ya dawo daga aiki ya same ni ina goge tukwanen da na riga na wanke da safe. Ya tsaya ya ce, "Saratu, wai tukunyar nan me ta yi miki? Ajin nan fa ba cizo yake yi ba." Na yi fushi, na ce shi bai san aikin gida ba. Ya yi murmushi ya shige ɗaki. Kafin a buɗe sabon aji aka yi mana canjin bariki.

Abin da nake so ki gane a nan shi ne ni ba malalaciya ba ce, ke ma ba ita ba ce. Shi ya sa abin yake da wuyar kamawa. Malalaci kowa ya gan shi a kwance ya san ciwonsa. Irin namu jinkirin kuwa yana zuwa ne da tsintsiya a hannu. Na sha ganinki, idan lokacin karatu ya yi sai ki tuna tsakar gida na buƙatar shara, ko kayan babanki na buƙatar guga, ko akuya ba ta sha ruwa ba. Duk wanda ya gan ki sai ya yaba, ya ce yarinya mai ƙoƙari. Ni kaɗai na san gudu kike yi, don na yi irinsa. A can ma za ki sami tukwanen gogewa: gyaran ɗaki, sake kwafe abin da kika riga kika rubuta da kyakkyawan hannu, aikin coci, taimakon ƙawa. Duk abubuwa ne masu kyau. Amma idan kin ga hannunki ya kama wani aiki da zafi, ki tsaya ki tambayi kanki wane aiki ne kike kauce wa. Wancan ɗin za ki fara yi, ko kaɗan ne, sauran su biyo baya.

Na ukun shi ne mai nauyi, kuma kin san ƙarshensa ko da ba ki san farkonsa ba. Kin tashi kin ga kakarki, Innata, da sanda da guntuwar ƙafa. Lokacin babanki ya bar aikin soja mun dawo Zuru, kina goye. Na je ƙauye gaishe ta lokacin kaka, ana tsakiyar yankan dawa. Na tarar da wani ɗan miki a babban yatsanta na ƙafa, ta ce ƙaya ce ta soke ta a gona. Na kwana biyu a wurinta ina kallonta. Na ga tana shan ruwa kamar ba za ta ƙoshi ba, tana yawan zagayawa bayan gida, ta rame alhali tana cin abinci, ga mikin ya daɗe bai kama hanyar warkewa ba. Na taɓa ganin matar wani soja da irin wannan a bariki, aka ce ciwon suga ne. Zuciyata ta ce mini shi ne.

Na sami kawunki Audu a gona na ce, "Yaya, ƙafar Inna ba ta yi mini ba. Ina ganin mu kai ta asibiti."

Ya ce, "Ƙaya ce fa. Ana sa mata magani. Ke yaushe kika zama likita?"

Da wasa ya faɗa, yana ɗaure dami. Da na ƙara magana ɗaya da ya yarda, don Audu ba mai taurin kai ba ne. Amma tambayar ta faɗa daidai inda nake da rauni. Na ce a raina, gaskiyarsa, ni wace ce? Wadda ko ƙofar asibiti ta kasa shiga? In ɗaga hankalin mutane ana tsakiyar aiki, a je a ce ba komai, in sha kunya? Sai na ce, "To, bari a gama girbi." Aka gama girbi na ce bari a wuce Kirsimeti. Kafin mu kai ta, yatsan ya yi baƙi, warin ya cika ɗaki.

A asibiti wata nas da ake kira Sista Rahila ta zaunar da ni tana tambayata yadda abin ya faro. Na ba ta labari tun daga shan ruwan har ramar. Ta ajiye abin rubutunta ta ce, "Wa ya gaya miki ki lura da waɗannan?" Na ce ba kowa. Ta ce, "Tun yaushe kika gani?" Na ce tun ana yankan dawa. Ta dube ni ta ce, "Mama, idonki ya yi aikinsa tun da wuri. Da kin yarda da shi." Ba ta yi mini faɗa ba. Aka ceci ran Inna, amma ƙafar ba ta tsira duka ba.

Inna ba ta taɓa ɗora mini laifi ba har ta koma ga Mahaliccinta, kuma na yi addu'a na sami salama a kan wannan, don haka kada ki karanta ki yi ta kuka. Abin da ya sa na faɗa miki shi ne, da ina ɗauka raina kai tawali'u ne. Ina ganin idan na ce ni ba kowa ba ce, na yi halin kirki. Ranar nan na gane ba haka ba ne. Allah ya ba ni ido mai lura, ba don ni ba, don mutanen da ke kusa da ni. Da na ƙi yarda da kyautar, ba ni kaɗai na yi hasara ba, uwata ce ta rasa ƙafa. Duk abin da aka ba ki, akwai wani a wani wuri da yake jiransa. Idan kika ɓoye shi don kunya, shi kika hana.

Za ki yi tsammanin daga ranar na canja. Ban canja ba. Mutum ba ya juyawa haka da sauri. Na dai riƙe maganar Sista Rahila a ciki shekara da shekaru, ina noma, ina renonku, ina zuwa zumuntar mata. Sai lokacin da tashin hankali ya koro mutanen ƙauyukan wajen Bena, suka cika makarantar firamaren unguwarmu. Kina sakandare a lokacin, za ki tuna muna dafa tuwo a manyan tukwane muna kai musu. Wata rana da hantsi ina rabon abinci a wani aji, na ga wata yarinyar mace mai tsohon ciki zaune jikin bango, ta riƙe kai da hannu biyu. Sunanta Hajara. Fuskarta ta kumbura har idanun sun ƙanƙance, ƙafafun kamar an hura, awarwaron hannunta ya nutse cikin fata. Na tsuguna na tambaye ta, ta ce kanta ke sarawa tun jiya, kuma tana ganin wasu ƙyalli-ƙyalli a idonta. Na tuna kakata ta taɓa rasa wata mace mai irin wannan kumburin, jijjiga ta kama ta ana cikin naƙuda. Kakata ta daɗe tana maganar matar nan.

Mijin Hajara ya koma ƙauye duba abin da ya rage na hatsinsu, sai uwar mijin ce tare da ita. Na ce mata, "Inna, yarinyar nan tana buƙatar asibiti."

Ta ce, "Tafiyar ƙafa ce ta kumbura ta, baiwar Allah. Mun sha hanya. In ta huta zai saɓe. Kuma mijinta ba ya nan, ba zan fita da matar mutum ba da izninsa ba. Gobe yana dawowa in Allah ya so."

Hannatu, wallahi da na ji kalmar goben nan sai da na ji sanyi a raina, irin sanyin wanda aka sauke wa kaya. Zuciyata ta ce, kin ji, ba laifinki ba ne, kin faɗa, su suka ƙi. Ke ba danginsu ba, ba addininku ɗaya ba, ba ki da takardar komai. In kika matsa aka je aka ce gajiya ce fa? Har na ɗauki bokitin tuwona na kai bakin ƙofa. Tsoron nan bai ragu ko kaɗan ba, yana nan yadda na san shi tun gindin mangwaro. Na dai ajiye bokitin na koma wurinsu da tsoron a jikina.

Na durƙusa gaban tsohuwar na ce, "Inna, ki gafarce ni. Ni ba likita ba ce, kuma mai yiwuwa na yi kuskure. In na yi kuskure, ki zage ni gaban kowa, na yarda. Amma na taɓa ganin abu a jikin uwata na yi shiru na jira, yau ga ta da sanda. Ba zan iya jira da 'yarki ba. In ɗanki ya dawo ya yi faɗa, ki ce ni ce, ga gidana can mai bishiyar lemo."

Ta kalle ni, sannan ta kalli Hajara. Ta ce, "Ɗauko mayafinki." Na tsayar da masu kabu-kabu biyu, na zauna bayan Hajara na riƙe ta a kan babur, tsohuwar ta biyo mu a ɗayan. Da muka isa aka auna jininta, sai na ga nas ɗin ta tashi da sauri ta kira wasu. Ba su bar ta ta koma ba. Kafin yamma suka shiga da ita ɗakin tiyata, aka ciro 'ya mace ƙarama, da rai, uwar ma da rai. Da mijin ya dawo ya zo gidanmu da kansa. Na fito ina jiran faɗa. Sai ya tsuguna a ƙofar gida don godiya, babanki ne ya kama shi ya tayar.

Sista Rahila tana nan a asibitin, ta manyanta, ita ce babba a ɗakin haihuwa. Ta gane ni. Ta ce ana koyar da mata 'yan sa kai da za su riƙa zagaya unguwanni suna duba masu ciki suna tura su awo, in zo ranar Litinin. Bakina ya buɗe zai ce bari a gama shuka. Na ji kalmar tana tahowa, na haɗiye ta, na ce, "Ƙarfe nawa?" Haka na zauna a aji da tabarau, cikin yaran da na girme wa iyayensu, ina haɗa baƙaƙe a hankali. Sau da yawa malamin yana gogewa ban gama kwafa ba. Na koyi ɗaga hannu in ce, "Malam, a dakata mini." Ba wanda ya mutu don na faɗi haka. Da aka zo gwajin aiki da hannu kuwa, yaran nan ni suke zagayewa su ce, "Mama, ya kika gane?" Ban zama ungozoma mai farin kaya ba, wannan ya wuce ni, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce ba ya yi mini ciwo wani lokaci ba. Amma kin ga yadda mata ke sallama a gidanmu.

Da ina jira ne wata rana in farka in ji na zama jaruma, sannan in fara. Ranar ba ta zo ba, kuma na daina jiranta. Tsoro ba ya tafiya kafin a fara aiki. Wani lokaci yana raguwa a tsakiyar aikin, wani lokaci sai an gama. Ki tafi da shi aji, ki zaunar da shi kusa da ke, ki buɗe littafinki.

Yanzu bari in faɗa miki abin da nake gani a jikinki, tunda an ce idona yana gani. Kin tashi a bayan Markus, kuma wannan bai yi miki sauƙi ba. Shi sau ɗaya yake karanta abu ya kama, malamai suna yabonsa, ke kuma a ce miki ƙanwar Markus. Kika yanke wa kanki hukunci cewa ba ki da kai. Mu ma mun yi kuskure da muka riƙa yabon sakamakonsa a gabanki ba mu faɗi naki alherin da baki ba, ki yafe mana. Markus yana da sauri, Allah ya ƙara masa. Amma ki tambaye shi abin da ya karanta bara ki ji. Ke kina daɗewa kafin abu ya shiga, in ya shiga kuwa ya zauna ke nan.

Kuma ki dubi Gwaggonki Laraba. Tun tana jaririya zazzaɓi ya tafi da jinta. Ta girma a cikin 'yan'uwanta, ta tsufa a gidanmu, dukanmu muna ƙaunarta, amma iyakar maganarmu da ita ci, sha, zo, tafi. Babanki da suka fito ciki ɗaya bai wuce nan ba. Ke ce tun kina ƙarama kike zama gabanta ba ki gajiya, ta yi alama ki kasa ganewa, ta sake, ki sake, har kuka gina yarenku ku biyu. Kin tuna Lahadin da fasto ya ba da labari mai ban dariya a wa'azi, kina gefenta kina juya mata da hannu? Jama'a suka yi dariya suka gama, can sai ga dariyar Laraba ita kaɗai, da ƙarfi, har ta riƙe ciki. Duk coci aka waiwayo. Babanki ya sunkuyar da kai yana share ido. Da muka dawo gida ya ce mini, "Saratu, ashe Laraba tana da ban dariya haka? Yau Hannatu ta gaya mini abin da take cewa a kan gemuna." Shekara nawa suna tare, sai ta bakinki ya san 'yar'uwarsa.

Ke kina ganin wannan ba komai ba ne, don bai yi miki wuya ba. Haka kyauta take, mai ita ne ƙarshen ganinta, saboda a wurinsa abu ne na kullum. Ni ma da ina ɗauka kowa yana ganin abin da nake gani a fuskar mara lafiya. Karatun koyar da kurame da kika je yi, rabinsa kin tafi da shi daga gida: haƙuri, da kallon mutum har sai kin gane shi, da rashin jin kunyar maimaitawa. Sauran rabin ne za su koya miki, kuma shi ne mai sauƙin.

Don haka ga roƙona. Ki zauna a gaba a aji, ko da kina jin tsoro. Abin da ba ki gane ba ki tambaya a ranar, kada ki bari ya kwana ya haihu. Idan aka ba ku aiki mai yawa har kika rasa ta inda za ki kama, kada ki tsaya kallon girmansa, ki rubuta layin farko ko da mummuna ne, gyara ya fi farawa sauƙi. Idan kin faɗi wata jarrabawa, ba ƙarshen duniya ba ne, ki je wurin malamin ki ce ya nuna miki inda kika kauce, ki kuma kira ni mu yi baƙin cikin tare. Ƙofar gidan nan a buɗe take gare ki kullum, ba za mu taɓa jin kunyarki ba. Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba: ki dawo mini da labarin an kayar da ke alhali ba ki shiga ba. Ki nemi ƙawaye masu tashi su yi, ba masu taya ki zama ba. Ki girmama kowa, Kirista da Musulmi. Ki riƙe addu'a, ki ci abinci a kan lokaci, ki sa rigar sanyin da na saka miki a gefen akwati, an ce garin akwai sanyi.

Saura magana ɗaya, kada ki ɗauka uwarki ta gama warkewa. Satin da ya wuce aka aiko mini daga asibiti cewa an ɗauki sabbin mata 'yan sa kai daga Mahuta da ƙauyukan kewaye, ana so in tsaya gabansu in koya musu yadda ake lura da mai ciki, da C'lela da Hausa. Ni, a gaban allo. Kin san abin da na ce wa ɗan aiken? Na ce a bari sai na gama shirya ki kin tafi, hankalina ya kwanta. Ya juya zai hau babur ɗinsa, sai na ji abin da na faɗa, na yi dariya ni kaɗai a ƙofar gida. Na kira shi na ce ya gaya musu ina zuwa. Ranar Litinin ɗin da za ki fara shiga aji, ni ma zan shiga nawa. Idan kin zauna a kujerarki da safen nan, ki yi wa tsohuwarki addu'a kada ta ce wa mace "ya tafi" a gaban ɗalibanta. In ma na faɗa, zan gyara in ci gaba.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki a ɗaki da aji da kan hanya, ya raba ki da mugun abokin shawara, ya buɗe miki abin da ya yi miki wuya. Ya sa hannuwanki su zama baki da kunne ga yaran da ba a taɓa saurara ba. Ya dawo mana da ke lafiya, mu gan ki da idonmu. Babanki ya sa miki albarka, Gwaggo Laraba ta dafa ƙirjinta ta nuna hanyar da za ki bi, kin fi ni sanin abin da take nufi.

Ni ce mahaifiyarki mai ƙaunarki,

Saratu